Ranar da Kabo ya tare Maƙogwaro

Sunansa na yanka Abdulganiyyu, amma in ka hau dutsen da ke bayan unguwar Utaibiyya a Makka kana cigiyar Abdulganiyyu, haka za ka sauko ba ka same shi ba. Kabo kowa ya sani, sunan garinsu ne can ƙasar Kano. Ni wanzami ne, a Makka aka haife ni, ubana kuwa mutumin Damagaram ne, don haka tun ranar da ya fara miƙo mini kansa wasa ya shiga tsakaninmu. In ce masa bawana, ya ce mini bawansa. Kan nasa ma wahala ne, ƙurar dutsen da ke cikinsa ta dakushe mini aska ba ɗaya ba, ba biyu ba.

A ƙasa ya zo aikin hajji, ta Sudan, yana saurayi. Komawa ta gagara, ya zauna. Mutumin da ya tashi inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, sai ga shi Allah ya sa abincinsa a fasa dutse. Lokacin da ake sarar hanyar mota a jikin duwatsun da ake hawa zuwa Ɗa'ifa, wani ɗan kwangila ya ɗebe shi cikin leburori, ya yi shekaru a can sama. Abu biyu ya sauko da su. Na farko iƙama, takardar izinin zama, wadda ɗan kwangilar ya nema masa. Na biyu tsoron ƙanƙara.

A can sama, in ji shi, ƙanƙara takan zubo ta taru har ƙwauri, ta kwana ba ta narke ba. Wata safiya bayan an yi irin wannan, rana ta fito, gari ya yi kyau, wasu abokan aikinsa suka yanke ta wani gangare da jakunansu don su rage hanya. Yana tsaye yana kallonsu. Babu hadari, babu tsawa. Ƙafar jaki ɗaya ce ta zame, sai gangaren gaba ɗaya ya taso, tsakuwa da laka da manyan duwatsu, ya tafi da su. Ko igiyar jakin ba a tono ba. Sau ɗaya ya ba ni wannan labari, ina cikin yi masa aski, kuma sai da na ɗaga askar don kansa rawa yake yi.

Dutsen bayan Utaibiyya mutanenmu ne suka cika shi, waɗanda suka zo hajji suka maƙale. Gidajen duk sandaƙa ne, wato a fasa garwar kananzir a miƙe ta a buga a jikin katako, wani bisa kan wani har sama. Yawancin masu gidajen ba su da takarda. 'Yan ga-ruwa ne da 'yan dako da masu wanki, sai mata masu sayar da gyaɗa da hatsin tattabaru a unguwar Jarwal. Suna da tsari guda wanda kowa ya haddace. In motar askar, wato 'yan sandan da ke kamen marasa takarda, ta tsaya a gindin dutse, duk wanda ya fara gani sai ya kama garwa ya yi ta bugu. Da jin garwa ba mai tambaya, ba mai neman takalmi, sai sama. A ƙarshen gidajen akwai wata tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu, mutum ɗaya take ci a lokaci guda, ita ake ce wa Maƙogwaro. In ka shige ta sai ka tarar da wani kwazazzabo mai tsakuwa da ɓaraguzai ya miƙe sama, ka hau shi da hannu da ƙafa, ka faɗa bayan dutse inda koguna suke. Askar da manyan takalmansu ba sa bi. Sukan leƙa ɗakuna, su tarar da tukunya a kan wuta babu mai ita, su juya. Shekara da shekaru Maƙogwaro ne ya riƙe mutanen nan a Makka.

Kabo yana da takarda, zai iya kama ɗaki a ƙasa ya huta da hawa da sauka. Zali ce ta zaunar da shi a sama. Ita ma mutuniyar Damagaram ce, ta zo da mijinta na fari, ya rasu bayan sun sauko daga Arfa, ya bar ta ba dangi ba takarda. Kabo ya aure ta. Ya yi ta zirga-zirga don a sa ta cikin iƙamarsa, yau a ce masa bukra, gobe a ce masa ba'ada bukra, wato gobe da jibi a Larabce, har ya gaji. Allah bai ba su haihuwa ba, amma ban ga ya dame su kamar yadda ya dami maƙwabta ba. Mace ce mai baki, in ta fara yi masa tsiyar Kanawa har ni nakan tausaya masa. Shi kuwa sai ya yi ta murmushi yana cin tuwonta. Duk lokacin da garwa ta yi kuka, shi ne yake riƙe hannunta ya kai ta bakin Maƙogwaro, ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki da takardarsa a aljihu har sai motar ta tafi.

Yana da wata al'ada da mutane suke yi masa dariya a kai. Ruwan sama a Makka ba kullum ba ne, amma duk ranar da aka yi, washegari kafin ya tafi wurin aiki sai ya ɗauki atalarsa, dogon ƙarfen da yake ture duwatsu da shi, ya zagaya gangaren yana soka ƙasa yana kasa kunne. Ya duba ruwan da ke tsattsafowa daga gindin dutse, fari ne ko ja. Ya duba inda awaki suka bi da inda suka ƙi. Mata sukan ce ga likitan dutse nan ya fito zagayen marasa lafiya. Yakan ce ruwa ba ya ba shi tsoro sosai, don yana zuba yake wucewa, wanda zai ci a kwari ya ci. Ƙanƙara ce mugunya, ta maƙale cikin tsakuwa ta yi ta narkewa a hankali, ruwan ya shige ƙarƙashi ya kwanta tsakanin ƙasa da santsin dutse. Sama ta bushe ƙarau, ƙasa kuwa kunu. A lokacin ba abin da yake jira sai ƙafar da za ta taka.

Wani lokacin sanyi, wajen tsakiyar shekarun sittin, ƙanƙarar ta zo. Da la'asar ta sauko, manya-manya, ta yi ta dukan rufin garwa har mutum bai jin maganar na kusa da shi. Ta huda rufi, ta kashe kaji. Da ta ɗauke, saman dutsen fari fat, tsofaffin Makka ma suka fito suna kallo. Washegari kuwa suna ake yi a gidan Tsoho, wani matashi ɗan dako wanda ya gaji sunan kakansa, matarsa ta haifi ɗansu na fari. Ni ne wanzamin. Saboda sunan nan mutane da yawa ba su fita nema da wuri ba.

Na hau da hantsi da zabirata, rana ta fito tar, ƙasa har ta fara bushewa. Ina cikin aske jaririn sai ga Kabo ya shigo, laka har gwiwa, fuskarsa ba annuri. Bai ko tsaya ya yi barka da kyau ba. Ya ce ya shiga Maƙogwaro, ya soka atala a gefen kwazazzabon, ta nutse kamar an soka ta a tuwo. Ya ce can sama ƙasa ta tsage, tsagar da hannu zai shiga, kuma ƙanƙara na kwance a ciki ba ta gama narkewa ba. Ruwan da ke fita daga gindi ja ne. Tsakuwa na gangarowa ita kaɗai, ba iska, ba akuya. Ya roƙi jama'a don Allah kada kowa ya taka wurin sai ya sha rana kwana da kwanaki, ko akuya a ɗaure ta.

Ba wanda ya yi masa gardama. Me za a je yi a Maƙogwaro ranar suna? Aka ce an ji, likita, zauna ka ci waina. Zali ta miƙo masa kwano tana cewa Bakano ko a gidan biki sai ya kawo labarin mutuwa. Aka yi dariya. Ni ma na yi, na ci gaba da aikina.

Ban ƙarasa askin ba garwa ta yi kuka daga ƙasa.

Na sha ganin gudun nan, amma ban taɓa tsayawa a tsakiyarsa ba sai ranar. Kwanuka suka kife. Mai jego ta fizge jaririn daga hannun ungozoma, kansa rabi a aske. Ba wanda ya tuna da maganar da aka yi yanzu-yanzu, ƙafafu ne kawai suka ɗauki masu su zuwa inda suka saba. Na leƙa ƙasa, motoci biyu ne, askar sun riga sun fara hawowa. Na waiwaya ban ga Kabo ba. Ashe ya riga kowa.

Da na isa ƙarshen gidajen, yana tsaye a bakin tsagar, ya gicciya atala tsakanin duwatsun biyu, ya riƙe ta da hannu biyu, bayansa na fuskantar kwazazzabon. Jama'a sun taru a gabansa, mata da goyo, tsofaffi suna haki, na baya na turo na gaba. 'Yan samari masu ƙarfi da suka ga haka suka watse, suka kama santsin dutse ta gefe suna hawa da farce. Amma wannan hanyar ba ta mai goyo ba ce, ba ta tsoho ba ce.

Tsoho ne ya fara isa gare shi, yana jan matarsa da hannu ɗaya. Ya ce masa ya kauce. Kabo ya ce ba zai kauce ba. Tsoho ya kama atalar ya jijjiga, ya kai masa naushi a baki, jini ya fito, ƙarfen bai motsa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana ture duwatsu, ɗan dako ɗaya ba zai ture shi ba, kuma wurin ba ya cin mutum biyu.

"Kai kana da waraƙa," in ji Tsoho, yana nufin takardar zama. "Kai ba inda za a kai ka. Mu fa?"

"In kun hau, ba wanda zai kai bayan dutse," in ji Kabo. "Ƙafa ɗaya ta isa. Zai taso da na sama, ya rufe na ƙasa, ya wuce kan gidaje."

"Ka tabbata?"

Na dubi Kabo. Na ga idonsa, kuma wallahi na tsorata, don ba idon mai tabbas ba ne.

Sai jama'a suka buɗa wa Zali. Kowa ya san in akwai mai kawar da shi, ita ce. Ta zo har gabansa, mayafinta ya zame, ta ɗora hannunta a kan nasa a bisa ƙarfen. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tuna masa cewa ba ta da kowa a ƙetaren teku, iyayenta sun rasu, garin ma ba ta san ko za ta gane shi ba. Ta ce ita ba nauyi gare ta ba, za ta bi gefe a hankali, ba za ta ture ko tsakuwa ɗaya ba. A lokacin muna jin takalman askar a kan duwatsu, da muryar babbansu yana cewa kowa ya tsaya inda yake.

"Alhaji, ni kaɗai," in ji ta. "Bar ni ni kaɗai in wuce."

"In na ɗaga miki, duk za su biyo ki."

"To sai ka bari a tafi da ni?"

Ya dube ta, jini na zuba a gemunsa. Ya ce, "Gara a tafi da ke ina gani."

Ta janye hannunta. Ta gyara mayafinta, ta juya ta fuskanci masu zuwa. A bayan Kabo wasu 'yan tsakuwa suka gangaro suka tsaya a dugadugansa. Kowa ya yi tsit yana jiran sauran. Ba abin da ya biyo baya.

Askar ba su doki kowa ba, ba su ma yi wahala ba, sun tarar da mutane a tare wuri guda kamar an tara musu. Babbansu ya karɓi takardata ya duba, ya karɓi ta Kabo ya duba, ya mayar mana. Ya dubi ƙarfen, ya dubi tsagar, sai ya dafa kafaɗar Kabo ya ce masa mashkur, wato an gode. A gaban kowa ya faɗa. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Aka gangara da su a jere. Kabo ya bi su har gindin dutse, ya kama ƙarfen motar zai hau, aka ɓamɓare hannunsa aka ce takardarsa lafiya lau take. Zali na zaune a ciki kusa da mai jego, ta karɓi jaririn tana rufe masa kai daga rana. Har motar ta tashi ba ta ɗago ba. Daga baya muka ji an kai su Jidda, an sa su a jirgin ruwa zuwa Sudan. Kabo ya je Jidda ya kwana a bakin ƙofar inda aka tsare su, bai sami ganinta ba.

Dutsen kuwa bai faɗo ba. Ranar bai faɗo ba, washegari bai faɗo ba. Rana ta yi ta dukansa har ya bushe, tsagar ta cike da ƙura, awaki suka koma hawa.

Waɗanda suka tsira, da waɗanda suke wurin nema ranar, suka dawo suka tarar da ɗakuna wayam. Mahmudu, yayan Tsoho, ɗan ga-ruwa ne, ya tara mutane a ƙofar Kabo tun ƙasa ba ta gama bushewa ba. Ya ce in gaskiya ne, ga atala ga dutse, ya hau ya ture dutse ɗaya kowa ya gani. Ni kaina na so ya yi, don bakin mutane ya mutu. Kabo ya ce a ƙarƙashin kwazazzabon gidaje ne, ba zai rushe wa mutane ɗakuna don ya wanke kansa ba. Mahmudu ya tofar da yawu ya ce dama ya sani. Daga ranar sunansa ya koma ɗan askar. Aka ce sayar da su ya yi, aka ce da hakan ya sami iƙamar tun farko, har aka ce ya gaji da Zali ne don ba ta haihu ba. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ƙona mini rai, kuma na daina aske mutum biyu saboda ita. Mutanen da suka ci tuwon matar nan, suka ga yadda yake kallonta, su ne da wannan magana.

Na ce masa ya sauko ya kama ɗaki kusa da ni. Ya ƙi. Ya ce in ta sami hanya ta dawo, nan za ta neme shi. Ya ci gaba da fasa dutsensa, yana dafa wa kansa abinci, ba mai yi masa sallama. In an yi ruwa yana fita da atalarsa kamar da, sai dai yanzu ba mai tsokanarsa. Duk hajji yakan bi masaukan alhazai a Jarwal yana tambayar mutanen Damagaram da na Sudan ko sun ga wata mace mai kama kaza. Wasan da ke tsakaninmu ma ya mutu, in na ce masa bawana sai ya ce na'am.

Ana gab da shiga shekarun saba'in, bayan an sauko daga Mina, yana zaune a gabana na jiƙa masa kai, sai ga wata dattijuwa an rako ta tana neman Kabo mai fasa dutse. Hajiya Mairama sunanta, daga wani gari a bakin kogi a Sudan inda Hausawa suke da yawa. Ta ce Zali maƙwabciyarta ce. Tana nan da ranta, lafiyarta ƙalau, tana tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Ta yi ta neman hanyar dawowa ba ta samu ba, har ta haƙura. Wani malami mai gona da ke son aurenta ya nemi a raba aurenta da Kabo saboda nisa da daɗewa, alƙalin garin ya ce sai an ji daga bakin mijin, ita kuma ta ce ba za ta ce e ko a'a ba sai an kawo mata amsar tambaya guda.

Kabo ya riƙe gwiwoyinsa. Ya ce, "Wace tambaya, Hajiya?"

"Ta ce in tambaye ka, dutsen ya faɗo?"

Na san abin da tambayar take nufi, shi ma ya sani. In ya faɗo, to mijinta ya cece ta ne, kuma mace irin Zali za ta jira shi har ta mutu. Na sunkuya kamar ina gyara masa ƙeya, na raɗa masa cewa ya ce ya faɗo. Wa zai je Sudan ya ƙaryata shi? Na ce ni zan yi shaida, in rantse in an so, alhakin a wuyana. Raina ya ɓaci ƙwarai da na ga yana girgiza kai, har na matse masa kunne da gangan.

Ya ɗago ya dubi Hajiya, ruwan askin na gangarowa ta bayan wuyansa.

"Ki ce mata bai faɗo ba," in ji shi. "Ki ce mata har yau yana nan. Kuma ki ce in yau ne ma, ba zan ɗaga ƙarfen ba."

Hajiya Mairama ta miƙe. Ta yi mana sallama ta tafi, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce in ƙarasa, yana da aiki da azahar.